Elwyn Mai Tsaron Jan-Kunci

Elwyn Probert bai taɓa ba ɗan'adam reshen bishiya ba, ko da ɗan tsinken da bai wuce na sakace ba. Tuffa kam yana bayarwa, kwando-kwando, har ya ɗora maka a baro ya raka ka bakin ƙofa. Amma ka kuskura ka miƙa hannu wajen reshe, nan take dattijon da ke yi maka murmushi zai rikiɗe ya koma wani abu daban. Mutanen Wenmore sun san halinsa, shi ya sa duk mai shiga lambun Gidan da hannu a aljihu yake shiga.

Gidan, haka kowa ke cewa, ba a ƙara masa komai. Shi ne tsohon gidan dutse na iyalin Dallimore da ke kan tudu, ya haura shekara ɗari uku a tsaye, kuma da wuya ka sami ɗan garin da kakansa bai ci abinci a ƙarƙashinsa ba. Uban Elwyn makiyayin tumakin Gidan ne, uwarsa mai wankin Gidan, a ɗaya daga cikin ƙananan gidajen ma'aikata aka haife shi. Yana shekara sha biyar aka miƙa shi hannun Mista Gwatkin, babban mai lambu, mutumin da ba wanda zai ce ya taɓa ganin haƙorinsa. Shekara biyu Elwyn ya yi yana wankin tukwanen shuka da ruwan sanyi kafin a yarda ya riƙe wuƙa. Sai da ya cika ashirin Gwatkin ya kai shi gindin katangar da rana ta fi duka, ya ce, "Cire hularka."

Jan-kunci ce a wurin, tsohuwar bishiyar tuffa da aka shimfiɗa rassanta jikin katanga. Ɓarin tuffar da ke kallon rana yakan yi ja, ɗaya ɓarin ya tsaya rawaya, kuma idan aka ajiye ta a ɗaki mai sanyi sai ta kai bikin Ista, wata shida bayan tsinka, ba ta yamushe ba. Babu irinta ko'ina sai nan. Ƙwayar tuffa ba ta gadon uwarta, in ka shuka sai dai ta fito da abin da ta ga dama, saboda haka mai son Jan-kunci sai ya sami reshenta ya aura wa wani gindi. A nan dokar Gidan ta tsaya. Duk kaka, a liyafar godiya, kowane gida a garin yana samun kwandonsa. Amma ranar da aka yi wa bishiyar aski, a ranar ake tattara rassan a ƙona su ƙurmus, babban mai lambu yana tsaye a kai. Gwatkin ya karɓi dokar daga na gabansa, Elwyn ya karɓa daga Gwatkin, ya riƙe ta kamar da ita aka haife shi.

Duniya ta yi ta juyawa, shi bai juya ba. Ya auri Beryl, 'yar mai gasa burodi, mace mai baki kamar reza da zuciya kamar auduga, suka haifi 'ya'ya biyu da suka girma suka tafi birni. Masu lambu goma sha biyu suka koma uku, suka koma shi kaɗai. Mai Gidan, Kanal Dallimore, ya mutu, 'yarsa ta tsufa a ɗaki biyu cikin arba'in, bokitai suna tarar ruwan sama a sauran. Da ta tashi barin duniya ba magaji, sai ta bar wa garin Gidan gaba ɗaya, ƙungiyar gari ta karɓa. Yau makarantar 'yan ƙanana tana inda dawakai suke da, ma'aikaciyar jinya tana duba mutane ran Laraba a ɗakin karatun Kanal, gidan waya yana buɗewa ran Talata a babban zaure, a nan ake ɗaurin aure, kuma duk shekarar da kogi ya cika ya shiga gidajen ƙasa, a kan tudun ake shimfiɗa katifu. Ƙofofin Gidan duk sun buɗe, ban da dokar reshe. Ƙungiya ta yi wa Elwyn magana sau biyu ta haƙura, don ba wanda ke son ya ɓata wa tsoho rai a kan tsinke.

Ya dai yi abu ɗaya da ya ɗauka hangen nesa ne. Da ya ga uwar bishiyar ta tsufa, ya aura 'ya'ya biyu ya dasa su dama da hagunta, jikin katanga ɗaya, cikin ƙasa ɗaya, inda idonsa zai riƙa kaiwa.

Yana da shekara saba'in da takwas ƙugunsa ya ƙi, aka kwantar da shi aka yi masa aiki. Wata uku bai taka lambu ba, kuma shekarar aka yi zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ranar da ya dawo yana dogara sanda, tun daga ƙofa ya hango katangar, ganye ya bushe ƙamas a tsakiyar watan Agusta. Ya durƙusa da ƙyar ya ɓare ɓawon gindin, ya tarar da farin ruɓa, cutar nan da ke bin saiwa ta ƙarƙashin ƙasa ba a gani. Ta cinye uwar, ta cinye 'ya'yan biyu. Ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya da wuƙa yana neman ko idon toho ɗaya mai rai, bai samu ba. Mutum bakwai suka riƙe bishiyar nan kafin shi, ba ta mutu a hannun kowa ba sai a nasa. Ya zauna a kan baro ya yi kuka, kuka na sosai, irin wanda bai yi ba ranar da aka binne ubansa.

Da ƙyar Beryl ta ja shi liyafar kaka. Bayan sujada aka hau tudu, aka jera tebura a babban rumbun Gidan mai faɗin zaure, rana tana shigowa ta ƙofa. A karo na farko babu kwanduna a bakin bango, kowa yana ƙoƙarin kada ya kalli wurin. Aka ci nama da dankali, aka kawo kek ɗin tuffa da matan gari suka gasa, kala-kala, ba suna a kan na kowa. Elwyn ya ɗebi cokali ɗaya don kada Beryl ta dame shi. Ya tauna, ya tsaya. Ya ƙara wani.

Jan-kunci ce. Shekara saba'in yana cin ta, ko a mafarki ba zai ɓata ba.

Mai hankali a nan sai ya miƙe ya ce, jama'a, Allah ya yi wa mai wannan kek albarka, don Allah ya zo mu gana. Elwyn ya miƙe kam, ya buga sanda a ƙasa, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne abin da Gwatkin ya zuba masa tun yana saurayi.

"Wane ɓarawon ne ya saci reshen Gidan?"

Fasto ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa. Ba wanda ya kalli wani, kuma ba wanda ya ce uffan, don a Wenmore maganar nan ba ta wasa ba ce. Tsofaffi suna tune da zamanin da tsinke ɗaya kan raba mutum da aikinsa da rufin da ke kansa, sun kuma gaya wa jikokinsu. Zamanin ya wuce, amma tsoron bai bi shi ba.

A hanyar gida Beryl ba ta jira sun kai ƙofa ba.

"Sannu, sarkin lambu. Sannu da aiki."

"To ƙarya na yi? Sata ce aka yi."

"Kai dai Elwyn Allah ya shirye ka. Mutum ya tsamo ka daga rijiya, kana fitowa ka ce ina ya samo igiya? Wa zai ɗaga hannu a gaban fasto da gari ya ce ni ne ɓarawon? Kai za ka ɗaga?"

"Kin san mai shi ke nan."

"Ko na sani, da wannan bakin naka ba za ka ji daga wurina ba."

Ya yi zuciya, ya ce shi zai nemo da kansa. Wata biyu ya yi yana bin bayan gidajen mutane da sandarsa yana leƙen shinge, karnuka suna yi masa rakiya da haushi. An riga an tsinke tuffa, ganye ya zube, kuma duk inda ya doso sai ka ga labule ya motsa an rufe ƙofar baya. Ga lokaci yana tafiya. Reshen aure a cikin sanyi ake yankansa, bishiya tana barci. In Maris ya shigo ido ya buɗe, sai wata shekara, shi kuwa ya san jikinsa bai yi masa alkawarin wata shekara ba.

Ran wata Talata gab da Kirsimeti, babban zaure ya cika da masu aika kaya ga 'ya'yansu, Elwyn ya shigo ya tsaya a gindin matakala ya cire hula.

"Af, Elwyn ya cire hula," in ji mahaucin garin. "Wa ya mutu?"

"Ni ne na kusa," in ji Elwyn. Ya gyara murya. "Jama'a, na yi muku rashin kunya a rumbu. Ku yafe mini. Ba ɓarawo nake nema ba, taimako nake nema. Duk wanda ke da ita, ko kakansa ne ya ɗauka ko shi, ya yanko mini reshe kamar tsawon fensir. Ba sai na ga fuskarsa ba. Ya ajiye a ƙofar lambu, ba zan tambayi kowa ba."

Wata tsohuwa ta ce sanyin bana ya yi yawa, kowa ya yarda da ita. Haka mutanen nan suke. Amma kafin sati ya zagayo, ƙunshi tara ya tarar a ƙofar lambu, kowanne an naɗe shi da jiƙaƙƙiyar jarida, ba suna. Tara! Ashe duk shekarun da yake tsaye kan wuta yana hura hanci, garin nan yana yi masa kallon sakarai. Haushi ya kama shi, murna ta kama shi, ya rasa wadda zai fara. Ya kwashe su ya kai rumfar aiki ya kunce na farko a bakin taga.

Ba ita ba ce. Ɓawon Jan-kunci baƙi-baƙi ne, idonta da farin gashi. Wannan ja ne mai ɗige-ɗige. Ya kunce na biyu, haka. Har na tara, haka. Kuma ya san itacen sarai, don shi ya ajiye shi da hannunsa. Dabarar Gwatkin ce da ya gada: ranar ƙona rassa, a watsa na wata tuffa mai ɗan karen tsami, wadda ake matsewa a yi giya, a gefen tulin rassan, sannan a tafi shan shayi na minti goma. Bayin Allah suka yi ta ɗauka suna ɓoyewa a riga, su aura, su jira shekara biyar, su sami tuffar da ko alade sai ya yatsina fuska. Maimakon su gane, sai suka ce ƙasar bayan gidansu ce ba ta kai ta Gidan ba, suka ci gaba da riƙon sirrin da alfahari. Yanzu ga shi sun kawo masa da zuciya ɗaya, shi kuma ya faɗa ramin da ya haƙa wa wasu.

Da ya gaya wa Beryl, sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da ta ga fuskarsa ta daina, ta zuba masa shayi.

"Ka nemi gafarar waɗanda ke zuwa Gidan," ta ce. "Akwai wadda ba ta zuwa. Shekara saba'in da biyu ba ta taka ƙofar nan ba. Kek ɗin ma ta hannun matar fasto ta aiko. Ka ƙetare kogi ka gai da Maud Baynham. Kuma ka bar girman kan nan a gida, zan ajiye maka."

Ya san sunan, kowa ya sani. Maud 'yar Reuben Tudge ce, mai lambun da Gwatkin ya kama da reshe a hula, lokacin Elwyn yana ɗan shekara shida. Da labarinsa ake tsorata sabbin ma'aikata.

Da hantsi ya isa, cikin watan Fabrairu, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa ta buɗe ƙofa ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi.

"Shigo ka rufe mini ƙofa, nan ba gidan Kanal ba ne, itacen wuta wuya yake yi. Ɓarawon kake nema? Ga ni."

"Misis Baynham, na zo ne..."

"Zauna, kada ƙugun ya sake karyewa a gidana a ce ni ce. Na ji bishiyarka ta mutu, aka ce har kuka ka yi. Na ji tausayinka, na ce bari in aika wa tsohon nan saƙo a bakinsa, in mai hankali ne zai biyo a hankali. Sai ga matar fasto ta dawo mini da godiyarka."

Elwyn ya kasa ɗaga kai. Ya ce, "Na yi kuskure. Ki yafe mini."

Ta ɗora buta a wuta. Tana juya masa baya ta ba shi labarin. Mamarta ce ba ta da lafiya a lokacin, ba abin da ke zama a cikinta sai dafaffiyar Jan-kunci, kwandon shekara kuwa bai kai wata biyu ba. Baba ya roƙa a ba shi reshe, aka hana. Sai ya ɗauki uku. Biyu aka samu a hularsa, aka ba su sati ɗaya su tashi, cikin ƙanƙara, da marar lafiya a bayan keken doki.

"Na ukun fa?" in ji Elwyn.

"Yana cikin safata. Ina tsaye a gaban Gwatkin yana zazzare mini ido, abin yana sukar ƙafata. Wa zai ce yarinya ta cire safa? Baba ya aura shi da tuffar daji a shingen nan. Mama ta ci 'ya'yan fari kafin Allah ya ɗauke ta. Taso ka gani."

Tana bayan ɗakin kaji, doguwa, karkatacciya, ba wanda ya taɓa shimfiɗa ta jikin katanga ko ya cire mata hula. Elwyn ya kamo reshe ya duba. Baƙi-baƙi, ido da farin gashi. Ya ɗan kankare da farce, ciki kore shar. Ya zaro wuƙa, ta riƙe masa hannu.

"Tsaya tukuna. Ba don Gidan zan ba ka ba, kuma ba don kai ba. Baba ya gaya mini akwai wani allon dalma a lambun, da sunayen waɗanda suka riƙe bishiyar nan. Yana nan?"

"Yana nan. Sunana ne na ƙarshe."

"To Reuben Tudge ya riƙe ta, kuma da rufin kanmu ya biya. A sa sunansa."

Bai yi gardama ba, bai ma yi tunanin yi ba. Ya yanki rassa shida, ta naɗe masa su a tsumma.

Farkon Maris ya aura su, hannunsa mai rawa ya tsaya cak da wuƙa ta taɓa itace. Biyar suka kama. Ɗaya kawai ya dasa a lambun, can jikin katangar yamma, nesa da ƙasar da ta ruɓe. Sauran huɗun ya ba makarantar 'yan ƙanana, da coci, da mahauci, da wata gona a bayan tudu, ya kuma gaya wa ƙungiya daga bana ranar aski duk mai son reshe ya zo da jaridarsa. Mahauci ya ce lallai likitocin nan ba ƙugu kaɗai suka canja masa ba.

Ran wata Asabar a watan Mayu, Beryl ta ɗauko Maud a mota. A bakin ƙofar lambu tsohuwar ta tsaya ta daɗe, ta riƙe jakarta da hannu biyu, sannan ta ɗaga ƙafa ta shiga. Elwyn ya kai ta gindin 'yar bishiyar, wadda ba ta kai ƙugunta ba, da ganyenta bakwai ko takwas. Sabon allo ne a kafe a katanga, kwana uku ya yi yana buga haruffan. Ta sa tabarau ta bi sunayen da yatsa. Reuben Tudge yana nan, a ƙarƙashin Gwatkin, a saman Probert.

"Ka sa shi a samanka," ta ce.

"Ya riga ni. Kuma tasa ce ta rayu."

"Ga shi kafaɗa da kafaɗa da Gwatkin kuma. Allah Sarki, Gwatkin, ka ga ta kanka." Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, hawaye suka zubo ba ta share ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan sunan ta bar shi a wurin.

"Baba," ta ce, "mun dawo."